Sunan Mai Dagi

Ina cikin kwasar tuwo a bakin ƙofar kamfanin siminti na Malbaza, ma'aikata sun kewaye ni kowa da kwanonsa, sai ga Wakili direba ya tsaya da tsohuwar taksinsa. Bai ko kashe ta ba, don in ya kashe sai an tura. Ya leƙo ta taga ya ce, "Uwani, albishirinki. Matar babanki ta sauka yau da hantsi. Namiji."

Na ce, "Wakili, ka san halina. In wasa kake, muciyar nan a kanka za ta karye."

Ya rantse da Allah. Na saki mara cikin tukunya, na bar wa maƙwabciyata sauran cinikin, na faɗa motar hannuna duk tuwo. A shekarar alif ɗari tara da tamanin da takwas ne, an gama yankan hatsi, ana ta ɗaurin dammuna.

Bari ku ji abin da ya sa na ruɗe haka. Babana Mumuni shekararsa hamsin da ɗaya a lokacin, ƴaƴansa shida, duk mata, ni ce babba. Uwarmu ta haifi uku ta rasu, ya auri Zuwaira ta ƙara masa uku. Bai taɓa nuna mana ɓacin rai ba ko sau ɗaya, amma mutanen Tungar Illo, ƙauyenmu da ke ƙasar Dogarawa, ba sa barin mutum ya manta. Kowace haihuwa sai wani ya ce, "Allah ya raya, Allah kuma ya kawo mai kama maka hauya." Ni da na fi ƴaƴansu maza noma, in na ji wannan addu'ar sai in ji kamar in watsa musu ruwan zafi.

Na isa da la'asar, na ga jariri, na yi guɗa har muryata ta dishe. Na fito neman Baba, ina zaton zan same shi cikin mutane yana rabon goro. Sai na same shi bayan rumbu, zaune kan dami shi kaɗai, yana murza zangarniya a hannu.

Ya ce, "Uwani, zauna. Sunan babana nake so in sa wa yaron nan."

Na ce, "To Baba, sa mana. Wa zai hana ka?"

Ya dubi ƙasa ya ce, "Ban san shi ba."

Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Na ce ba Mai Dagi ba ne? Kowa ya san Mai Dagi. Rijiyar da garin ke sha, wadda ke fuskantar zaurenmu, Rijiyar Mai Dagi ake ce mata. A katin shaidar Baba ma haka aka rubuta, Mumuni Mai Dagi. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa babu uwar da za ta haifi ɗa a yanka rago a ce sunansa Mai Dagi ba. Dagi dai ƙarfen da ake ginar rijiya da shi ne. Kakana baƙo ne, ya gangaro daga arewa shekarar da fara ta cinye hatsi, ba dangi ba kowa, sai ƙarfensa a kafaɗa. Mutane suka kira shi da abin da suka gani a kafaɗarsa, ya amsa, shi ke nan. Ya gina musu rijiya, suka ba shi mata, ƙasa ta rufta masa cikin rijiyar saura wata biyu a haifi Baba. Limamin da ya ɗaura auren ya mutu, waliyyai sun mutu, duk wanda ya zauna kan tabarma ranar ya mutu.

Saura mutum ɗaya, Kaka Tsahara, uwar Baba, tana nan ɗakinta taku goma daga inda muke zaune. Amma ku da kanku kun sani, mace ba ta faɗin sunan mijinta na fari, balle macen zamaninsu. Ta sake aure a Bazaga bayansa, bai daɗe ba ta dawo, bakinta kuwa bai taɓa suɓucewa ba. Shi ma Baba ɗan fari ne, kuma shi kaɗai ta haifa ya rayu. Shekara hamsin da ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In tana son magana da shi, bango take kallo ta ce, "A hwaɗa ma mai gidan ga darni ya hwaɗi." Ta ina zai fara tambayarta?

Baba ya ce, "Kowace salla ina cewa Allah ka jiƙan babana. Allah ya san shi, na sani. Amma ni ma ina so in san shi. In tsohuwar nan ta tafi da sunan, ya tafi ke nan." Ya ɗago ya dube ni. "Ke ce takwararta. Ke kaɗai kike mata rashin kunya ta ƙyale ki."

Gaskiyarsa. Sunana na yanka Tsahara, shi ya sa ake ce mini Uwani, don Baba ba zai iya kiran sunan uwarsa a tsakar gida ba. Tsakanin jika da kaka kuwa babu shamaki. Na buga ƙirji na ce ya bar mini, kafin gobe da azahar zan kawo masa sunan. Ina da kwana shida kafin ranar suna, na ɗauka ko kwana ɗaya ya yi mini yawa.

Washegari na same ta bakin ɗakinta tana tsince wake a faifai. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, in ta zauna ba ta fi tulu tsawo ba, amma idonta ya fi nawa gani. Na kawo mata goro fari, na zauna, na yi mata tausa, na zagi ɗanwaken da ta yi jiya don ta ji daɗin ramawa. Sannan na ce, "Kaka, mijin nan naki da kike ta ɓoyo, yaya sunansa?"

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Takwara, zaman Malbaza ya lalata ki. Ke hwaɗin sunan naki mijin kike?"

Na ce, "Safe da yamma, in ya ɓata mini rai har da na ubansa."

Ta ce, "Shi ya sa ya rame." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Na yi mata bayani dalla-dalla, cewa ɗanta ne ke so, jikanta za a sa wa. Hannunta ya tsaya cikin waken na ɗan lokaci, na gani da idona. Sannan ta ce sunaye sun cika duniya, a zaɓi ɗaya.

Rana ta uku na zo da dabara. Na ce ba sai ta buɗe baki ba, ni zan riƙa jero sunaye, in na zo kansa ta gyaɗa kai kawai, ko ta yi tari. Na fara da annabawa, na gama su kaf. Na shiga sahabbai iyakar waɗanda na sani. Na shiga sunayen ranaku, Ɗanladi, Tanimun, Ɗanjuma, na shiga su Illo da Badaru da Chindo, na kira sunan duk ma'aikacin da ya taɓa cin tuwona. Tana ta kallona tana taunar goro, fuskarta ko motsi. Da na gaji na yi shiru, ta ce, "Kin ƙare? Da lakwal anka sa ki karatun boko, da kin zama mai kiran suna."

Na ce, "Yana ciki ko ba ya ciki?"

Ta ce, "Gyaɗa kai ma hwaɗi ne."

Rana ta huɗu wani ya tuna mana da Alkasum, tsohon da ya yi maƙwabtaka da kakana kafin ya koma wurin ƴaƴansa a Badaguishiri. Na kama mota tun da safe, na sauka Malbaza na sake wata, na sha rana, na sha zaman buhunan albasa. Na same shi bakin lambu an jingina shi da bishiya, kunne ya tafi, sai an yi ihu. Da na ambaci Mai Dagi fuskarsa ta washe. Ya ba ni labarin tsawonsa, da yadda yake ɗanɗana ƙasa da harshe ya ce ruwa na gaba kaza, da yadda ba ya shiga rami sai ya yi alwala. Na ƙwala masa tambayar a kunne, yaya sunansa na yanka?

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan rana. Ya ce, "Mai Dagi mana." Na sake tambaya. Sai ya ce a hankali, "Kin ga, ɗiyata, shekara shida muna cin tuwo kwano guda, ban taɓa tambaya tai ba. Babu wanda ya tambaya."

Na dawo rana ta biyar da ciwon kai da ƙafa a kumbure. Na tarar gida ya cika da masu ba da shawara. Ƙanen Zuwaira da ke zuwa fatauci Sakkwato ya zo da sunaye sababbi fil, irin waɗanda sai ka gyara zama kafin ka faɗa. Wani ya ce a sa Tanko a huta, tunda mata ya biyo. An ɗaure rago a gindin darbejiya, an sayo dabino da goro, an aika wa wanzami. Baba na yawo tsakar gida kamar baƙo, kowa ya yi masa magana sai ya ce to.

Ganinsa haka ne ya tayar mini da hankali. Na wuce ɗakin Kaka ko sallama ban yi ba. Abin da na faɗa mata har yau in na tuna sai na ji nauyi. Na ce kunyar banza ce wannan. Na ce mutumin nan ya ba gari ruwa, garin bai ko tambayi sunansa ba, ke kuma da kika sani kin zauna a kansa. Na ce ƙasa ta binne shi sau ɗaya, ke za ki binne shi na biyu, kuma naki ya fi muni, don na farko an tono shi.

Na jira ta zage ni, don ta iya. Ba ta zage ni ba. Ta ajiye faifan da ke hannunta, ta juya fuskarta bango, ta kwanta. Ranar ko fura ba ta sha ba, ni ma ban taɓa tuwo ba.

Da safe, rana ta shida, ta aiko a kira ni. Ta ce, "In rana ta ɗaga, mata sunka rage, ki raka ni rijiya."

Na yi mamaki, don tun da na yi wayo ban taɓa ganin Kaka a bakin rijiyar nan ba. Ruwa kawo mata ake yi, in za ta unguwa kuma ta bayan gida take zagayawa. Mun ɗauka tsufa ne da son jiki. Taku arba'in ne daga zaurenmu, amma mun daɗe kafin mu kai, tana dafe da kafaɗata. An yi wa rijiyar baki da siminti shekarun baya, sai dai tsofaffin itatuwan da aka gicciya suna nan, igiya ta ci su ta yi musu zanen tsagi. Kaka ta zauna kan kwamin shayar da dabbobi, ta ba rijiyar gefe.

Ta ce, "Nan nike tsaye. Inda kike."

Ta ba ni labarin da muryar da take aikena sayen gishiri. Bazara ce, ruwa ya ja baya, ya shiga ya ƙara wa rijiyar zurfi. Gaba ashirin da biyu. Tana daka ta ji ƙasa ta yi wani gurnani a ƙarƙashin turmi. Kafin ta iso, ƙura na fitowa daga bakin rijiyar, maza sun kewaye, suna ta kira, Mai Dagi, Mai Dagi, ba amsa. Aka rasa abin yi. Wasu suka ce a shiga yanzu, wasu suka ce gefen bai gama zubowa ba, kada a ƙara gawa kan gawa. In yana da rai a shiga, in ba shi da rai a jira ƙasa ta natsa. Sai wata gwaggonta ta kamo hannunta ta jawo ta gaba, da cikinta wata bakwai, ta ce mutumin da ya suma ba ya jin laƙabi, sai sunan da uwarsa ta kira shi da shi. Ke kin sani. Kira shi.

Kaka ta ce, "Na sani kuwa. Shi ya hwaɗa mini da bakinai, sati guda da kai ni ɗakinai. Ya ce garin ga babu wanda ya tambaye ni, ko auren da Mai Dagi anka ɗaura shi, ke ki riƙe mini. Na duƙa, takwara. Na buɗe baki. Na ɗaga ido, ga babana, ga baffannina, ga liman, duk suna kallon bakina. Sunan ya zo nan," ta taɓa maƙogwaronta, "ya tsaya. Shekarata sha tara. Gwaggo na girgiza ni, ni ko ina kallon ƙasa. Har anka ce a ƙyale yarinya."

Sai bayan kwana biyu aka shiga. Ƙasar ba ta danne shi ba. An same shi zaune a wani lungu da dutse ya tokare, dagin a kan cinyarsa, babu ƙashin da ya karye. Ko ya mutu nan take, ko ya kwana yana saurare, babu mai iya cewa.

Ta ce, "Da na kira, ƙila shi amsa. Da ya amsa, da an shiga. Kina cewa kunya ce. Kunya ta ranar nan ce, ta ƙare tun tuni. Ranar da anka biɗi sunan ga don shi rayu, na hana. Yanzu in buɗe baki in hwaɗe shi don a ci rago? Da wane bakin?"

Na dubi tsohuwar da nake yi wa tsiya tun ina tatata, na ga ban san ta ba. Shekara hamsin da ɗaya tana shan ruwan rijiyar nan, tana jin ƙarar guga safe da yamma daga ɗakinta, kuma ta yi dariya da mu, ta yi mana tatsuniya, ta yi faɗa kan ɗanwake. Tsoro ya kama ni, irin wanda ke kama mutum in ya leƙa rijiya ya ga nisan ruwan. Na durƙusa na ce ta yafe mini maganar jiya. Ta ce in tashi, mutane na kallo.

Na sami Baba na ce ya haƙura, ya zaɓi wani sunan. Ya tambaye ni dalili, na faɗa masa duka, don ya fi kowa haƙƙin ji. Ya share fuskarsa da hannun riga, can ya ce, "To. Mahamudu ma suna ne. Kada wanda ya sake damun ta."

Ranar suna maza suka cika ƙofar gida tun bayan sallar asuba, tabarmi har bakin hanya. Mu mata muna ciki, ni ina leƙe ta tsagin zana, don ba na iya zama. Malam Halilu liman ya zauna, aka raba goro da dabino, mahauci ya kayar da rago yana jira. Malam ya karkato kunne wajen Baba don ya raɗa masa sunan, kamar yadda ake yi. Baba ya ce a ɗan jira, baffan Zuwaira bai iso ba. Baffan ya iso. Baba ya ce goro bai kai na baya ba, a ƙaro. Aka ƙaro. Rana ta fito, ta hau, inuwar zaure ta fara janyewa daga kan mutane, masu zuwa gona suka fara gyaran murya. Na san abin da ke damunsa. Ya ce ya haƙura, amma da zarar ya furta Mahamudu an shafa fatiha, magana ta ƙare har abada, bakinsa kuwa ya ƙi.

Malam ya ce, "Mumuni, rana ta yi. Ragon nan ma ya gaji."

Sai na ji mata sun yi tsit a bayana. Na juya. Kaka ce ta fito daga ɗakin mai jego, jaririn a hannunta, naɗe cikin wani tsohon zane saƙi baƙi da ban taɓa gani ba. Babu wanda ke fita da jariri kafin a raɗa suna a yi aski, amma babu wadda ta tare ta. Ta bi ta gabana ba ta dube ni ba. Ta shiga zaure, ta fita ta tsakiyar maza, ita da ko gaisuwa ba ta yi da namiji sai ta bayan zana. Suka riƙa janye ƙafafu suna ba ta hanya. Ba ta dafa kowa ba. Na bi ta a baya, ba mayafi, ban ma san na fita ba.

Mata biyu na jan ruwa, suka saki igiya suka matsa. Ta tsaya daidai inda ta nuna mini jiya. Ta rungume yaron a ƙirji da hannu ɗaya, ta dafa itacen da ɗayan, ta duƙa. Na ga bakinta ya buɗe, ya rufe. Ta ɗaga ido ta dubi mazan, sun fi ɗari, duk sun miƙe tsaye suna kallon bakinta. Na ce a raina shi ke nan, zai sake tsayawa. Sai ta mayar da fuskarta cikin rijiyar.

"Nahantsi!"

Ban san akwai irin wannan muryar a jikinta ba. Ba muryar tsohuwa ba ce. Ta sauka gaba ashirin da biyu, ta bugi ruwa, ta dawo sama, har tattabarun da ke kwana a bangon rijiyar suka tashi fuu. Ta sake kira, wannan karon a hankali, yadda ake tayar da mai barci. Gari ya yi shiru, ko akuya ba ta yi kuka ba.

Yaron da ke barci tun asuba ya motsa, ya buɗe baki, ya tsala kuka.

Kaka ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "To. Ka ji ke nan." Ta miƙo mini shi, ta juya, ta nufi gida. Da ta zo daidai Baba ta tsaya. Ba ta dubi bango ba, shi ta duba, cikin ido, ta ce, "Ka ji sunan ubanka." Baba ya durƙushe a wurin, babban mutum mai furfura, ya rufe fuska da hula.

Nahantsi. Suna ne na mutanen da, wanda ake sa wa yaron da aka haifa da hantsi, ko a ƙauye an daina jin sa. Da na shekara ina jero sunaye ba zan kai kansa ba. Ina tsaye da yaron a hannu maganar Wakili ta faɗo mini, ta sauka yau da hantsi. Sai wani abu ya biyo baya da ya fi wannan girgiza ni. Tun da nake ban taɓa jin kalmar hantsi a bakin Kaka ba. In rana ta ɗaga, take cewa. Kullum sai lokacin ya zo ya wuce ta kanta, kullum sai ta kauce masa, mu kuwa muna gidan ba mu lura ba.

Ƙanen Zuwaira ya matso kusa da liman yana cewa wannan ai ba sunan littafi ba ne, yaro zai shiga lakwal a yi masa dariya. Na buɗe baki zan wanke shi, Malam Halilu ya riga ni. Ya ce, "Shekara talatin ina alwala da ruwan mutumin nan ban san wanda zan yi wa addu'a ba. Sunan ba shi da aibu." Ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha, aka yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar wa gari. Na ga tsofaffi suna maimaita sunan a hankali, kowa shi kaɗai, suna kallon rijiyar.

Sai dai ku ji yadda al'adarmu take. Baba ya samu sunan da ya nema shekara hamsin, amma ba zai iya kiran yaron da shi ba, sunan ubansa ne, sai ya ce Babana. A addu'a kawai yake faɗinsa, na sha jin sa bayan salla. Zuwaira ba za ta faɗa ba, sunan surukinta ne, sai ta ce Maigida. Ya rage mu ƴan matan shida, jikoki, mu da ba mu da wannan takunkumin. Mu muka riƙe sunan, muka yi ta kiran sa har ya bi yaron, har ya shiga takardar haihuwa, har ƴan lakwal suka saba.

Kaka ta ƙara shekara uku a duniya, ba ta sake furta shi ba ko sau ɗaya. Amma ta bar zagayawa ta bayan gida, kuma ta mayar da tabarmarta bakin zaure, inda ake hango rijiya. Duk ranar da na zo daga Malbaza, kafin in ajiye kaya za ta ce, "Takwara, kira mini yaron nan."

In ce, "Haba Kaka, ga shi nan zaune kan ƙafarki yana cin ƙasa."

Sai ta ce, "Na gan shi. Ke dai kira shi. Da ƙarfi."